Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya Kan Masu Jinyar Tsofaffi A Gida

Zuwa ga
Mai girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a,
Farfesa Muhammad Ali Pate, Cigarin Misau,
Abuja.



Ranka ya daɗe, koke na kawo. Ni malamar makaranta ce a Kano, ba ni da shaidar aikin asibiti ko ɗaya, amma na yi jinyar surukata har Allah ya karɓi abinsa, kuma a layinmu kaɗai na san gidajen da ake wannan fama a yanzu haka. Kokena shi ne: ranar da asibiti ya sallami tsoho wanda ba ya iya tashi da kansa, ranar ce hukuma ta zare hannunta daga kansa baki ɗaya. Daga nan sai iyalinsa, waɗanda ba wanda ya koya musu komai, ba kuma wanda zai leƙo ya ga yadda suke yi.

Masu ƙiyasi sun ce waɗanda suka kai shekara 60 a Najeriya ba su wuce kashi 5 cikin 100 na jama'a ba. Ƙanƙantar wannan kaso ce ta sa ake tsallake su idan ana rabon kasafi, alhali a ƙasa mai yawanmu kashi 5 ɗin mutum miliyan 10 ne ko fiye. Mafi yawansu manoma ne da 'yan tireda da makiyaya da matan gida, ba su taɓa cin albashi ba balle fansho. Takardu kuwa ba a rasa su ba. Sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci kula da tsofaffi cikin abin da gwamnati za ta sa a gaba. An sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta sa tsofaffi cikin masu rauni da za a biya musu. Duk mun ji a rediyo. Amma ka shiga ɗakin kowace tsohuwa da ke kwance a Fagge ko Azare ko Illela ka tambayi mai jinyarta wanne ne daga cikin waɗannan ya taɓa iso ta, za ta dube ka ne kawai.

Bari in faɗa maka yadda sallamar take, duk da na san a matsayinka na likita ka sani. Hawan jini ya kayar da tsohuwa, ɓarin jiki ya shanye. An kwantar da ita, an yi ƙarin ruwa, an yi allurai, jini ya sauka. Gadon kuma wani na jira, kuɗin iyali ya ƙare. Sai a miƙo takardar magani da ranar dawowa, a ce Allah ya ƙara sauƙi. Idan an yi sa'a wata nas ta ce, tana tafiya, "A riƙa juya ta fa." Yaya ake juyawar, sau nawa, da me, wannan ba wanda ya tsaya ya nuna. Ba na ganin laifin nas ɗin, ita kaɗai ce a kan gadaje masu yawa. Laifin na tsarin ne da bai ɗauki koyar da mai jinya a matsayin aiki ba.

Mu Allah ya taimake mu da wata maƙwabciya, tsohuwar nas da ta yi ritaya. Ranar da aka dawo da surukata Hajiya gida ta shigo dubiya, ta tarar an shimfiɗe ta rigingine a kan katifa da leda a ƙarƙashinta. Ko zama ba ta yi ba ta ce a kawo zani. Ta ninka shi biyu, ta zura a ƙarƙashin Hajiya daga kafaɗa zuwa cinya, ta sa ni a gefe guda, ƙanin mijina a ɗaya gefen, ta nuna mana yadda ake jan zanin a mirgina mutum ba tare da an fizgi hannun da ya shanye ba. Ta sa matashi tsakanin gwiwoyi, ta naɗe tawul ta sa a ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya tashi daga katifa. Ta ce duk bayan awa biyu a sauya mata ɓangare, dare da rana, kuma kullum a duba ƙugu da gadon baya da diddige. In aka ga fata ta yi duhu ko ta yi zafi a wuri ɗaya, gyambo ne ke sallama. Da aka kawo kunu ta hana a ba ta a kwance. Ta ce a tayar da ita zaune sosai, a yi kunun da kauri, a ba ta da ƙaramin cokali ta ɓangaren bakin da ke da lafiya, a jira ta haɗiye, in an gama kuma a bar ta zaune kamar rabin awa. Dalili, in ji ta, wanda ɓarin jikinsa ya shanye sau da yawa maƙogwaronsa ma ya raunana, abu mai ruwa-ruwa sai ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu. Duk wannan karatu bai kai tsawon lokacin da ke tsakanin la'asar da magariba ba.

Gida uku tsakaninmu da wani dattijo, tsohon tela, da irin wannan ciwo ya kwantar. 'Ya'yansa ba su fi mu talauci ba, ba kuma su kasa mu son mahaifi ba. Sun saya masa katifa sabuwa, sun saya masa maganin da aka rubuta. Amma ba wanda ya gaya musu abin da aka gaya mana. Suna ganin barinsa ya huta a yadda yake shi ne tausayi, don in an motsa shi yana nishi. Kafin wata biyu bayansa ya ɓule, gyambon ya ci har ana hango ƙashi, ɗakin ba ya shiguwa sai da turaren wuta. Aka mayar da shi asibiti, aka kashe ninkin abin da aka kashe da farko, bai dawo ba. A wurin zaman makoki kowa cewa yake kwana ne ya ƙare. Haka ne, kwana ya ƙare. Amma azabar da ya sha a makonnin ƙarshe ba dole ba ce, kuma kai ka fi ni sanin cewa gyambon kwanciya abu ne da ake iya kauce masa mafi yawan lokaci.

Ranka ya daɗe, wa ke wannan jinya? A bakinmu muna cewa 'ya'ya, amma in ka ɗaga labulen ɗakin mace za ka gani. Ko 'yar da ta baro ɗakin mijinta ta dawo gida, ko matar ɗa, ko matar tsohon wadda ita ma gwiwa ta hana ta ruku'u, ko jikanya 'yar shekara 13 da aka ce ta ɗan dakata da makaranta. A ajina na sha rasa yarinya mai ƙoƙari, in na bi sawu a ce ai kakarta ce ba lafiya. Mazan, Allah ya saka musu, da yawansu suna ƙoƙari ta fuskar kuɗi: a turo ta waya daga Legas ko Abuja, a zo dubiya ranar Juma'a da ledar lemo. Amma wankin kashi da fitsari da asuba, da cicciɓar mutum zuwa banɗaki, da kwana ido biyu, na mace ne. Sana'arta ta cikin gida, ɗinki ne ko awara ko ƙuli-ƙuli, ta tsaya. Bayanta ya riƙe saboda ɗaga babban mutum ba bisa ƙa'ida ba. Ga nata 'ya'yan ƙanana. Kuma ba ta da bakin cewa ta gaji, don tana faɗa za a ce ba ta neman albarka, in suruka ce kuwa a ce dama can ba ta ƙaunar uwar miji.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba saboda kunya. Idan tsohon namiji ne, 'yarsa ba za ta iya yi masa tsarki ba, matar ɗansa balle. Sai a jira ɗa namiji ya dawo daga kasuwa da daddare, tsoho ya wuni cikin jiƙa. Wannan ma hanyar gyambo ce. Shi ya sa duk wani shiri da za a yi na koyar da masu jinya, in ya tsaya kan mata kawai, an bar rabin aikin.

Malamanmu suna tuna mana haƙƙin iyaye a kowane mumbari, kuma Suratul Isra'i ta yi maganar lokacin tsufansu ƙarara. Ba mu ja da wannan ba, shi ne ma abin da ya riƙe gidajen har yau. Sai dai wa'azi yana gaya wa mutum ya yi, ba ya nuna masa yadda ake sauya robar fitsari. Kuma ina ganin hukuma ta daɗe tana fakewa da wannan tarbiyya tamu: tunda Bahaushe ba ya yar da iyayensa, sai a bar shi da su, a juya ga wani abu.

Sai gigin tsufa, wanda ya fi kowanne wahalar da iyali don ba a ma san ciwo ba ne. Tsohuwa mai kamun kai ta fara mantuwa, ta ce an sace mata kuɗin da ita ta ɓoye a ƙarƙashin tabarma, ta kira ɗanta da sunan ƙaninta da ya rasu tun tuni, ta fita da tsakar dare wai za ta gidansu. Iyali su ce aljanu ne ko sammu, a yi ta yawon neman taimako ana kashe kuɗi. Da an gaji sai a sa kwaɗo a ƙofar ɗaki. Wadda ta kuɓuce ta shiga unguwar da ba a san ta ba kuwa, tana surutai ba kai, ba abin da ya fi sauƙi irin a ce mayya ce, yara su bi ta da jifa. Da ma'aikacin lafiya ɗaya zai zauna da iyalin ya ce musu ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba da gangan take yi ba, kada a yi musu da ita, a ɗinka mata lambar waya a jikin mayafi, a kawar da wuƙa da ashana, da gidaje da yawa sun samu sauƙi ko ba a ba da ƙwaya ɗaya ba.

Maganar kuɗi ba sai na tsawaita ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, farashin magani ya tashi, har kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara nasa ya nasa a watan Agustan shekarar. Abin da ya biyo baya a gidaje shi ne a raba ƙwayar hawan jini biyu, ko a saya a kemis sai ranar da kai ya yi ciwo, alhali magani ne na kullum. Dainawar ce ke kawo faɗuwa ta biyu. Famfas na manya ya zama kayan masu hali, saura sun koma tsumma da leda. Zuwa asibiti don a auna jini kawai yana nufin a ɗauki shatar a-daidaita-sahu, maza biyu su bar aikinsu su cicciɓe ta, a wuni a layin kati. Bayan zuwa biyu ko uku iyali sun haƙura. Gashin ƙashi, wanda a watannin farko ne yake da amfani sosai, yawancin mutanen karkara ko labarinsa ba su ji ba.

Kada a fahimce ni da cewa ina neman a gina gidajen ajiye tsofaffi. Wanda ba shi da kowa yana buƙatar gidan gajiyayyu, a kuma gyara waɗanda ake da su. Amma mai 'ya'ya a ƙasar Hausa ba zai kai uwarsa can ba ko da zinare aka gina shi, ita ma gara ta mutu a ɗakinta. Ƙasashen da suka fi mu kuɗi ma gidan suka koma. Jamus ta kafa inshorar jinya a 1995, tana ba iyali kuɗi a hannu in su za su kula da nasu. Japan ta bi da nata tsarin a 2000, inda ma'aikata ke zuwa gida su yi wa tsoho wanka da motsa jiki. Ba mu kai nan ba, ban kuma ce mu kwaikwaye su gobe ba. Abin da nake nema ya fi wannan araha nesa ba kusa ba.

Dalilin da ya sa kai na rubuto wa, ba wani ba, shi ne ka taɓa yin irinsa. Lokacin da kake shugabantar hukumar lafiya matakin farko, daga 2008 zuwa 2011, an fito da shirin ungozomomi a 2009, aka ɗebo sababbin da suka gama makaranta da marasa aiki da waɗanda suka yi ritaya aka tura su ƙauyuka. A zamanin ne kuma aka jawo sarakuna ƙarƙashin jagorancin Mai alfarma Sarkin Musulmi cikin yaƙi da shan inna, aka bi ta hakimi da dagaci da mai unguwa har ƙofar kowane gida, aka yi ta yi har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Har yau rubutun alli na masu rigakafi yana jikin katangunmu. Ma'ana hukuma ta san hanyar gidajen nan, ta san yawan yaran da ke ciki. Mai ɗigon rigakafi tana tsayawa a tsakar gida tana tambayar 'yan ƙasa da shekara 5, ga ɗakin tsohuwa a kwance taku biyar daga inda take tsaye, amma takardarta ba ta da gurbin rubuta ta.

Abu na farko da nake roƙo yana hannunka kai tsaye, ba ya buƙatar majalisa ko gwamna. Asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya ƙarƙashin ma'aikatarka suke, na Kano da Shika da Sakkwato da Maiduguri da Bauchi da sauransu. A aika musu da umarni cewa ba a sallami mara lafiyan da ba ya iya tashi sai an zaunar da mutum biyu daga iyalinsa, ɗaya namiji, an nuna musu a aikace, a kan gadon, yadda ake juyawa da ciyarwa da tsafta da motsa gaɓɓai, sun kuma gwada an gani. A ba su takarda mai hotuna da Hausa, boko da ajami, da sauran harsunan ƙasa, da lambar wayar da za a ɗauka in an kira. A sa wannan cikin takardar sallama yadda sai an sa hannu a kansa, don abin da ba a sa hannu a kai ba a asibiti, ba a yin sa. Ɗaliban makarantun jinya da ke zagaye a ɗakunan za su iya ɗaukar rabin wannan aiki, su ma su ƙaru.

Na biyu shi ne ziyara. Ma'aikatan lafiya na al'umma da makarantun fasahar lafiya ke yayewa, a tsarin aikinsu kaso mai yawa na lokacinsu a cikin gari ya kamata su yi shi, amma ƙarancin ma'aikata ya ɗaure su a ɗakin shan magani. Ga kuma matan shirin CHIPS da aka ƙaddamar a 2018, waɗanda dama gida-gida suke bi. A sa mai unguwa ya ba da sunayen tsofaffin da ke kwance a unguwarsa, ya san su ɗaya bayan ɗaya, shi ke zuwa jana'izarsu. Sai a riƙa leƙa su ko sau ɗaya a wata da na'urar awon jini da ta sukari, a duba fata da ƙafa, a sauya robar fitsari, a kawo maganin wata, a kuma dubi ita mai jinyar a tambaye ta nata jikin. Ma'aikatarka ta sanar da sake horar da ma'aikata 120,000. A ware wa jinyar tsofaffi a gida ko kwana biyu a cikin horon. Nas-nas masu ritaya irin maƙwabciyata suna nan a kowane gari, da ɗan alawus za su fito, kamar yadda ungozomomi suka fito a 2009.

Na san za a ce lafiya matakin farko ta jihohi da ƙananan hukumomi ce. Gaskiya ne, amma asusun da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ake zuba wa akalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ta hannunku yake bi, ku ke gindaya sharuɗɗansa. In an ce ziyarar tsofaffi da maganin hawan jini da na sukari suna cikin abin da za a duba kafin a saki kuɗi, jihohi za su yi. Haka rajistar tsofaffi a inshora: wanda ba ya iya tashi ba zai je ofis a ɗauki hotonsa ba, sai dai a kawo na'urar gida. An rage kuɗin wankin ƙoda a wasu asibitocin tarayya, an ce tiyatar haihuwa kyauta ce ga mata marasa hali, mun yaba. Ƙwayar hawan jini ta wata guda ba ta kai kuɗin wankin ƙoda na zama ɗaya ba, ita ce kuma ke hana mutum kaiwa can.

Za a kuma ce likitoci da nas-nas suna ta ficewa waje, mata na mutuwa wurin haihuwa, yara na fama da tamowa, ina ake da sukunin tsofaffi. Ba na raina wannan hujja, ni ma uwa ce. Amma tsohon da aka mayar asibiti da ruɓaɓɓen baya ko ciwon huhu yana riƙe gado na makonni, gadon da wani ke buƙata. Matar da ke jinyarsa sau da yawa ita ce mai cikin da ba ta samu zuwa awo ba, ita ce uwar yaron da aka tsallake masa rigakafi. Gida ɗaya ne. Cibiyar kula da tsofaffi da aka buɗe a asibitin koyarwa na Ibadan a 2012 ta nuna akwai masu ilimin abin a ƙasar nan. A nemi su tsara darasin, a fassara, a ba gidajen rediyo. Bahaushe da rediyonsa ba a raba su, kwata ɗaya a mako ana bayanin yadda ake ciyar da mai shanyewar jiki zai shiga inda motar ma'aikatar lafiya ba ta taɓa zuwa ba.

Ba sai an fara da ƙasa duka ba. A zaɓi ƙaramar hukuma ɗaya a kowace shiyya, a yi shekara guda, a ƙirga tsofaffi nawa aka ziyarta, nawa suka yi gyambo, nawa aka mayar asibiti, a gwada da maƙwabciyarta da ba a yi ba. In bai yi amfani ba a bari. Ina kuma roƙon a sa batun a gaban majalisar lafiya ta ƙasa a zamanta na gaba, inda kwamishinonin jihohi duk suke hallara. Ranar tsofaffi ta duniya 1 ga Oktoba ce, ta haɗu da bikin 'yancin kai, shi ya sa kullum take wucewa da ɗan rabon shinkafa da atamfa a gaban 'yan jarida. Ina fatan kafin ta sake zagayowa umarnin sallamar nan ya isa asibitocin tarayya, ya fara aiki.

Allah ya taya ka riƙo, ya ja da ran Cigari.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Wata malamar makaranta,
Kano.